Yaya, ga amsarka kan littafin gawawwakin nan

Yaya, tunda ka ga hoton babbar 'yata riƙe da littafin da aka zana mace da rabin fuska a zagwanye kake ta min tambaya wai abin da muke ba yara ke nan a Ingila, har ka ce dama wanda ya auri Baturiya ai sai abin da ya gani. Maganar nan ta ƙarshe ta sosa min rai wallahi, amma bari in fara da littafin.

Asalinsa tsohon littafin Turawa ne, Pride and Prejudice na Jane Austen da ya fito a 1813, labarin 'yan mata biyar da uwarsu ta matsu ta aurar da su, kuma har yau yana cikin littattafan da makarantu ke zaɓa wa yara a jarrabawar GCSE ta kammala sakandare. A 2009 wani Ba'amurke, Seth Grahame-Smith, ya ɗauko shi ya bar mafi yawan rubutun matar yadda yake, ya cusa zombi a ciki, wato gawa mai tashi tana bin mutane tana ci, 'yan matan suka koma mayaƙa da takubba, a 2016 aka yi fim ɗinsa. Ba wanda ya kai shi ƙara saboda matar ta rasu tun 1817, haƙƙin mallaka ya daɗe da faɗuwa. Yarinyar nan da ƙyar take buɗe na asalin, barci yake sa ta, amma da ta gama na gawawwakin sai ta koma tsohon tana neman inda aka yi ƙari, haka ta karance shi kaf ba wanda ya sa ta.

Ni abin da ke ban mamaki da ku mutanen gida shi ne mantuwa. Gandoki na Bello Kagara fa, na 1934, ai da yaƙin Turawa na gaske ya fara, kafin ka ankara aljanu sun cika labarin. Magana Jari Ce kuwa Abubakar Imam daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya kwaso da yawa ya sa musu babbar riga, aku ya zama waziri, ba wanda ya ce ya fita daga Hausa. Inna ma Allah ya jiƙanta, ka manta yadda take kashe fitila in ta zo wajen Dodo, kai ne ma kake fara ƙanƙame ta.

Batun uwar yarana kuma, ita ce take tsare su da karatun Islamiyya ran Asabar in na tafi aiki, ita ta hana ƙaramin kallon fim ɗin don ya yi jini da yawa. Hausarsu dai da gyara, ban musa ba, in sun ce "ina kwana" sai ka ji kamar ana tauna ƙanƙara, wannan laifina ne ba nata ba. Amma duk zuwanmu gida sai an kira su Turawan gidanmu ana dariya, su kuma suna ji, suna dawowa su tambaye ni.

To yanzu yarinyar nata take rubutawa. Ta ɗauko labarin Daurama da rijiyar Kusugu, ta cire macijin ta sa gawawwaki suna fitowa daga rijiyar, ran Juma'a kaɗai suke lafawa a ɗebi ruwa, kuma a nata Daurama ce ta fara zare takobi kafin Bayajidda ya iso. Na ce mata a Daura za a yi miki ca, ta ce a yi.

Inda ta maƙale shi ne sunan zombi da Hausa. Na ce fatalwa, ta ce fatalwa ba ta da jiki, na ce maye, ta ce maye ai rayayye ne. Kai da kake tsakiyar Hausa sai ka nemo mana, kuma don Allah in an samu mai zuwa ka aiko da Gandoki, nawa bangon ya cire shafukan ƙarshe sun ɓace.