Amsa: Tsakanin ƙaramin lemur da guzan Komodo, wa ya fi jure yunwa?

Malam, ka tambayi wanda ya fi jure yunwa tsakanin guzan Komodo da ƙaramin lemur, wata 'yar dabba dangin biri. A rayuwar yau da kullum guzan ne, amma kada ka raina ɗan ƙaramin.

Na Komodo dangin damo da guza ne, a tsibiran Indunusiya yake, tsawonsa kan kai mita 3, nauyinsa kilo 70 ko fiye. Jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa, rana yake sha, don haka abinci ba ya saurin ƙonewa a cikinsa. In ya kayar da barewa yana iya cinye kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa a zama ɗaya, ya yi makonni bai nemi wani ba.

Shi kuwa lemur mai kama da ɓera, a Madagaska kaɗai ake samunsa, kuma dangin biri ne duk da kamanninsa. Mafi ƙanƙantarsu giram 30 ne kacal. Jiki ƙarami mai ɗumi dole ya ci kullum, ƙwari da 'ya'yan itace da ƙaro. Dabararsa ce ta fi burge ni. Wasu nau'o'in kan tara kitse a wutsiya, in rani ya tsananta su shige kogon bishiya, zafin jikinsu ya sauka, su yi ta barci har abinci ya dawo.