Kyautar bindiga daga wata jiha: amsoshi ga 'yan uwa mazauna Amurka

Tambaya: Baffana yana jihar Jojiya, ni kuma ina Ohayo. Ya ce idan na je masa hutu zai ba ni bindigarsa ta farauta kyauta. Zan iya sa ta a but ɗin mota in taho da ita? Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗana, gara da ka tambaya kafin ka tafi. Kada ka ɗauko ta haka. Dokar tarayya ta 1968 ta hana mutum ya miƙa wa mazaunin wata jiha bindiga hannu da hannu, ko sayarwa ce ko kyauta, ko da uba ne da ɗansa. Mai bayarwa da mai karɓa duk sun shiga laifi, kuma hukuncin yana iya kai wa shekara biyar a kurkuku. Hanyar ba ta da wuya. Baffa ya kai ta wurin dillali mai lasisin tarayya, a aika wa wani dillalin a Ohayo. Kai kuma ka je da katin shaidarka, ka cike fom mai lamba 4473, a bincika sunanka a tsarin NICS na hukumar FBI, wanda ke tantance ko an haramta wa mutum mallakar bindiga, ka biya ladan dillali, ka ɗauki abinka. Tunda doguwa ce, kuna iya yin wannan gaba da gaba a shagon dillali a can Jojiya, muddin dokokin jihohin biyu sun yarda. Da ƙarama ce, dole sai a jiharka, kuma sai ka cika shekara 21.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, da bizar karatu na shigo. Yayana mai takardar zama ta dindindin yana son ba ni tasa.

Amsa: Ka bar ta a hannunsa. Mai takardar dindindin yana da wannan dama, amma wanda ya shigo da bizar wucin gadi an hana shi ko da riƙe bindiga, in ban da 'yan keɓantattun hanyoyi kamar lasisin farauta. Karatu ka zo yi, kada ka jefa bizarka cikin haɗari.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu a Tekzas, ya bar mini ƙaramar bindiga cikin wasiyya. Ina zaune a Buronkis, cikin birnin Niyok.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, 'yata. Dokar tarayya ta ware gado, ba ta tilasta a bi ta dillali ba. Sai dai birnin Niyok yana da tasa doka mai tsanani, ba ki da ikon ajiye ƙaramar bindiga ba tare da lasisin 'yan sandan birnin ba. Ki nemi lasisin tukuna, ko a sayar da ita a can Tekzas a ba ki kuɗinki.

Tambaya: Kawuna zai turo mini kuɗi in saya masa bindiga a jiharmu don ta fi arha, in ce kyauta ce. Ai duk ɗaya ne ko?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, kuma wannan tambaya ita ta fi tayar mini da hankali. Kyauta daban, sautu daban. Mu mun saba da sautu, mai tafiya kasuwa a damƙa masa kuɗi ya sayo maka atamfa ko turare. A bindiga babu wannan. A fom ɗin nan akwai tambayar ko kai ne ainihin mai saye. In da kuɗinka ka saya don ka kyautar, amsar i ce. In kuɗin kawu ne, ka ce i, ka yi wa gwamnatin tarayya ƙarya a rubuce, da sa hannunka a ƙasa.

Ga abin da ya faru da Bruce Abramski, tsohon ɗan sanda a Bajiniya. Ya saya wa kawunsa na Fensilbeniya bindiga ƙirar Glock 19 don a sami ragi, bayan kawun ya ba shi cakin dala 400. Kawun ba mai laifi ba ne, yana da ikon mallaka, har ma ta hannun dillali aka miƙa masa. Duk da haka a 2014 Kotun Ƙoli, da alƙalai biyar cikin tara, ta tabbatar da laifin Abramski saboda amsar da ya bayar a fom. A 2022 kuma aka ƙara doka mai hukuncin shekara 15 ga wanda ya saya wa mutumin da ya san an haramta masa bindiga.

Na san nauyin baki da ake ji gaban manya, kawu ya ce yi, ka rasa yadda za ka ce a'a. Amma ranar da bindigar ta ɓace ko aka yi ɓarna da ita, za a bi lambarta daga kamfani zuwa shago, daga shago zuwa fom, sunanka ne a kai. Ka ce masa: "Kawu, in ta nan kake so, ka biya shagon da kanka, su aika wa dillalin garinku, ka cike fom da hannunka."

Tambaya: Zan iya sa bindiga cikin kwantena in aika wa ƙanena a Kano?

Amsa: Haba malam! Fitar da bindiga daga Amurka sai da lasisin gwamnati, shigar da ita Najeriya ma sai da izini a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959. In kwastan suka buɗe kwantenar a Apapa, ƙanenka da sunansa ke kan takardar kaya shi za a fara kamawa.