Shin an gama magana a kan ƙwaƙwalwar ɗan talaka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta digiri kan nazarin halayyar ɗan Adam. Burina in zama mai bincike kan yadda talauci da damuwa ke shafar girman ƙananan yara. Sai dai wani ya ce mini ɓata lokaci ne, wai kimiyya ta riga ta tabbatar ƙwaƙwalwar ɗan talaka a baya take. Haka ne? In ba haka ba, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wanda ya gaya miki haka rabin zance ya ji, kuma irin wannan magana tana ƙona mini rai, domin da ita ake yanke wa yaro hukunci tun bai iya tafiya ba.

Ga inda ya samo ta. A 2015 Kimberly Noble ta Jami'ar Columbia da abokan aikinta sun duba hoton ƙwaƙwalwar yara da matasa sama da 1,000 a Amurka, suka ga faɗin ɓawon ƙwaƙwalwa (wato sashenta na waje) yana tafiya da yawan kuɗin da iyaye ke samu, musamman a gidajen da suka fi talauci. Amma matsakaicin lissafi ne na jama'a da yawa. Ba ya faɗin komai a kan wani yaro guda, kuma bai nuna mene ne sanadi ba.

Sanadin shi ne aikin da ke jiranki. Idan jariri ya firgita ko yunwa ta kama shi, jikinsa yakan saki sinadarin kotisol. Wannan ba illa ba ce. Da zarar uwa ta ɗauke shi ta rarrashe shi, sinadarin sai ya sauka. Illar tana zuwa ne idan tashin hankalin ya ƙi ƙarewa kuma babu babban da zai kwantar masa, abin da Jack Shonkoff na Jami'ar Harvard ya kira damuwa mai guba. Talauci yakan shigo ta nan: uwar da ta kwana tana lissafin abin da za a ci gobe, ga bashi, ga gajiya, ba ƙaunar ɗanta ta rasa ba, sararin amsa masa gwarancinsa ne ya yi mata ƙaranci. Sai ki haɗa da rashin abinci mai gina jiki da yawan laulayi.

Binciken da nake so ki fara karantawa shi ne na Jamaika. A 1986 zuwa 1987 wata mai bincike, Sally Grantham-McGregor, ta ɗauki yara 129 masu tsumburewa a Kingston, babban birnin ƙasar, 'yan wata 9 zuwa 24, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka nemo su. Waɗanda aka yi wa ziyarar wasan suna samun kuɗin da ya zarce na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin 100. Tasirin madarar kuwa bai ɗore ba. Duk lokacin da na koma kan wannan aiki sai ya ƙara mini ƙarfin gwiwa: awa guda a mako, kuma ta hannun uwar da ake ganin ba ta da komai.

Amma ki shirya wa sakamakon da ba ki so. A Amurka an ba uwaye 1,000 masu ƙaramin ƙarfi kuɗi duk wata tun daga haihuwa, wasu dala 333, wasu dala 20. A 2022 aka ga alamar bambanci a yadda ƙwaƙwalwar jariran ke aiki, jaridu suka yi ta yayatawa. Da yaran suka kai shekara huɗu, ba a sami bambanci bayyananne a gwajin harshe da tunani ba. Masu binciken sun fito sun faɗa, kuma haka ya kamata.

Ta ina za ki fara? Ki riƙe darasin ƙididdiga da hannu biyu, domin shi zai hana ki ɗaukar abin da ya zo tare a matsayin sanadi. Ki nemi shiga tawagar da ke bin yara shekara da shekaru, ko da aikin tattara bayanai ne. A nan za ki gane cewa kotisol na cikin yawu ya fi yawa da safe, don haka lokacin ɗaukar samfur ma yana iya ɓata miki lissafi. Ki yi hattara da gwajin da aka tsara da wani harshe don yaran wata al'ada, kada ki auna baƙunta ki ce ƙwaƙwalwa kika auna. Kuma ki yi wa kowace uwa bayani har ta fahimta kafin ta amince.

Mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu tasowa suna cikin haɗarin kasa kai matakin girman da ya kamace su, alhali yawancin binciken a ƙasashe masu arziki ake yin sa. Gurbi yana nan. Allah ya ba ki sa'a.