Tsohon keken ɗinki: a gyara ko a sake? Amsoshin tambayoyinku

Kaka ta yi, an fara sa ranakun biki, sanyi kuma ya fara leƙowa da asuba. Yanzu ne masu ɗinkin zanin gado mai soso da bargon faci da shimfiɗar jarirai suke samun aiki, yanzu ne kuma keken da ya yi watanni ana lallaɓa shi yake nuna halinsa. Tambayoyin wannan makon duk a kan keke suka taru. Na ɗauki huɗu.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Taura. Ina da keke Butterfly baƙi na ƙafa, na mahaifiyata ne, da shi aka kai ta ɗaki. Ina sayen ƙyallayen atamfa a hannun teloli, in harhaɗa su, in sa soso siriri ko faiba a tsakiya, in yi shimfiɗar jarirai da abin rufa. Yanzu da na zo wuri mai kauri sai ya riƙa tsallake, zare yana tsinkewa, ƙasan ɗinkin yana cukurkuɗewa. Na kai wa wani mai gyara ranar kasuwa, ko buɗe shi bai yi ba ya ce keken ya mutu, in bar masa shi in yi ciko ya ba ni sabo. Wata mai zuwa zan kwashi adashe. In sayi sabon?

Amsa: 'Yata, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya ce keke ya mutu, kuma a numfashi ɗaya ya ce a bar masa gawar, ai ya riga ya gaya miki kekenki da sauransa.

Bari ki san abin da ke hannunki. Butterfly daga Shanghai ta ƙasar Sin yake zuwa, amma ƙirarsa kwaikwayon Singer samfuri na 15 ce, wadda kamfanin Singer na Amurka, da aka kafa a 1851, ya fitar tun ƙarshen ƙarni na 19. Masana'antu da yawa sun kwafi wannan ƙira, shi ya sa ƙoshiya da kwarkwaro da haƙori da farantin allura na wannan keke suke shiga wancan. Jikinsa zubin ƙarfe ne. Abubuwan da ke cinyewa a cikinsa ƙanana ne, kuma ana samun su a Sabon Gari a Kano, sau da yawa ma a teburin masu kayan ɗinki ranar Lahadi a Gujungu, nan kusa da ke.

Kafin ki ba kowa ko sisi, fara da allura. Na rantse, da yawan kekunan da aka kawo mini a kan sun lalace, allura ce kawai. Wadda ta daɗe tana ratsa soso bakinta yana dakushewa, wani lokaci ta ɗan lanƙwashe yadda ido ba zai gani ba. Lamba 14 ta atamfa ce falle ɗaya ko biyu. Aikinki na lamba 16 ne, in ya yi kauri sosai 18. Ki tura ta sama har sai ta tokare kafin ki ɗaure, gefen da yake a shafe ya kalli dama, wajen wilin hannu, zare ya shiga daga hagu zuwa dama. Haka irin Butterfly ɗin da muka saba gani yake so. Allura ta sauko ko da kaurin ƙwayar gero ce, ƙoshiya ba za ta cafki zaren ba, tsallaken ke nan.

Sai ki kwance farantin da ke ƙarƙashin allura. Za ki ga abin mamaki. Masu ɗinkin soso da faiba kekensu ya fi na kowa tara datti, burbushin yana cushewa tsakanin haƙora har ya zama kamar tabarma, ga kuma ƙurar hunturu. Ki tsokale shi da tsinke da tsohon buroshi, ki fito da ƙoshiya ki goge mazauninta, ki ɗiga man keke ɗigo ɗaya. Ki shafa hancin ƙoshiyar da ɗan yatsa: idan kin ji kaushi ko ya guntule, shi ke yanke miki zare, sai a sake ta.

Cukurkuɗewar ƙasa kuwa, mutane suna ganin ta a ƙasa sai su hau murɗa ɗan kusan da ke jikin gidan kwarkwaro. Laifin kusan kullum na zaren sama ne: ko bai shiga tsakanin faifan nan biyu masu matse shi ba, ko datti ya hana su haɗuwa, ko an sassauta su da yawa. Ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi kafin ki zura zare, don faifan su buɗe.

Idan kin yi duk wannan yana nan yana tsallake, to saiti ne ya goce tsakanin saukar allura da zuwan ƙoshiya. Yakan faru idan allura ta sha karyewa a kan kauri har sandarta ta ɗan zame. Wannan aikin mai gyara ne, amma aikin zama ɗaya ne, ba mutuwa ba ce. Ki nemi wani daban, ki tambayi telolin garinku wa suke kai wa. Ki tafi da guntun aikinki mai soso, a gwada a gabanki, kada a gwada miki da falle ɗaya a ce ya gyaru.

Abin da zai sa ni da kaina in ce ki haƙura da keke: jikin ƙarfen ya tsage, ko ya taɓa faɗuwa babban sandan ciki ya lanƙwashe har wili yana cijewa a wuri guda duk zagaye, ko kuma kin kama sandar allura kin girgiza kin ji tana rawa sosai a raminta. Ko wannan na ƙarshen ma wani gwanin yana iya yi masa dabara. Ba ki ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ga kuma abin da mai son karɓe miki keke ba zai faɗa ba. Sabon baƙin keke na ƙafa, ko wane suna aka rubuta a jikinsa, ƙirarsu ɗaya da naki. Ƙarfin huda ɗaya, filin da ke tsakanin allura da wuyan keke ɗaya, wajen inci bakwai. Za ki zuba adashenki ki sayo abin da kike da shi, sai dai fenti mai ƙyalli, kuma kasuwa ba ta rasa jabu. Da ni ne, zan gyara na Inna, ragowar kuɗin in saro soso da yadin shafi da yawa tun kafin tsadar biki ta hau su.

Wani abu kuma da ba laifin keken ba ne. Haƙori yana jan fallen ƙasa, ƙafa tana tokare na sama, soso yana tsakiya yana zillo, sai ki ga an ƙare ɗinki sama ya fi ƙasa tsawo, duk ya tattare. Ki shimfiɗa aikin a tabarma ki fara kama shi da manyan ɗinkin hannu, ki fara ɗinki daga tsakiya zuwa baki, ki buɗe tsawon ɗinkin, ki ɗan sassauta kusan da ke saman kan keke mai ƙara wa ƙafa nauyi. Ki kuma jingina wani teburi ko kujera a hagunki, don nauyin bargon kada ya riƙa jan allura gefe. Wannan jan shi ke karya allura, shi ke gotar da saiti.

Tambaya: Baba, ni tela ne a wani gari kusa da Wudil. Ina ɗinka wa amare zanin gado mai soso na babban gado, da rigunan filo. Kekena na ƙafa lafiyarsa ƙalau, amma saiti ɗaya sai ya ci mini kwana biyu, ga ciwon kafaɗa wajen cusa shi. Ina so in sayi indastiriyal, babban keken nan na lantarki, sai dai wutar garinmu sai ta ga dama.

Amsa: Ɗana, naka daban ne da na 'yar uwarka ta sama. Kekenka bai gaza ba, aikin ne ya girme shi, kuma wannan dalili ne na gaskiya na sayen wani.

Indastiriyal mai miƙaƙƙen ɗinki, irin Juki DDL-8700 da takwarorinsa na Jack da Emel da Two Lion, zai ba ka fili wajen inci goma maimakon bakwai, ga abin ɗaga ƙafa da gwiwa, hannayenka biyu suna kan aiki. A takarda Juki ɗin nan yana iya ɗinki 5,500 a minti ɗaya. Kada wannan ya ruɗe ka, mai tura soso ba ya gudun nan, filin da gwiwar su ne ribarka. Ka kuma sani allurarsa daban ce, DBx1 mai zagayayyen gindi, ta keken gida ba ta shiga.

Maganar wuta ita ce maganar. Motar da ke juya keken iri biyu ce. Akwai tsohuwar mai kuloci, wadda da ka kunna take ta juyi tana gurnani ko kana ɗinki ko kana hira da kwastoma. Akwai ta zamani da ake kira sabo (servo), wadda ba ta jan wutar kirki sai ka taka, kuma kana iya rage mata gudu. A ƙauye kada ka yarda da ta farko ko da an sauƙaƙa maka kuɗinta. Sabo tana tafiya da ƙaramin janareta, tana tafiya da sola mai inbata in batirin na da ƙarfi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk telan da bai sa kuɗin fetur a cikin kuɗin ɗinki ba, mai gidan mai yake yi wa aiki.

Ka zauna ka ƙirga saiti nawa ka ɗinka bara gaba ɗaya, har da watannin damina da kowa ke gona ba mai tunanin zanin gado. Kada ka yi lissafi da makon da ya fi kowanne ciniki kafin azumi. In ribar shekara za ta mayar da kuɗin keke da na wuta a kaka biyu, bismilla.

In sosonka mai kauri ne sosai, je ka kalli keken masu kushin da masu jaka, wanda ƙafarsa ke takawa tare da haƙori tana jan sama da ƙasa lokaci guda. Shi ne maganin tattarewa. Amma ya fi tsada, kuma ba zai yi maka kaftani mai laushi da sallah ba.

Sayen indastiriyal na hannu, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi, ba laifi ba ne in ka je da wanda ya sani. Ku kwantar da kan ku duba kaskon mai, ku taka ku ga mai yana fantsama a ɗan gilashin sama, ku saurari ƙararsa, ku ɗinka sosonku da kuka zo da shi. Sannan ka tambayi kanka wa zai gyara maka shi in ya tsaya: a Wudil akwai, ko sai ka ɗauki shatar mota zuwa Kano? Na ƙafar kuma ka bar shi a kusurwar shago. Ranar da batir ya mutu ana gobe kai amarya, za ka tuna da ni.

Tambaya: Ƙanena ya kawo mini wani farin keke na lantarki ɗan Beljiyam, mai yin zane-zane kala-kala, ya ce in ba matarsa tsohon baƙin nawa. Ni dattijuwa ce a ƙasar Gumel, bargon faci nake yi wa jikoki da maƙwabta.

Amsa: Hajiya, ki karɓi kyauta ki yi godiya, amma baƙin ya zauna a ɗakinki. Yawancin fararen nan marasa nauyi akwai haƙoran roba a cikinsu, bargo mai kauri yana gajiyar da su, in ɗaya ya fashe samun irinsa a Gumel ko Maigatari sai an sha wuya. Zigizaginsa zai yi miki amfani wajen kama bakin ƙyalle ranar da aka kawo wuta. Kafin a jona shi, a sa yaro ya karanta rubutun da ke jikinsa: in an rubuta 110 ko 120, na wutar Amurka ne, tamu 230 ce, sai da taransifoma, in ba haka ba hayaƙi za ki gani.

Tambaya: Man keke ya ƙare mini, kasuwa kuma sai mako. Zan iya sa man gyaɗa ko baƙin mai? Daga wata ɗaliba mai koyon ɗinki a ƙasar Birnin Kudu.

Amsa: A'a, 'yata, ki jira ranar kasuwa. Man gyaɗa yana yin santsi yau, bayan 'yan makonni ya daskare ya zama danƙo, ya haɗu da ƙura ya riƙe keken gam. Baƙin mai kuma ya yi kauri, ga ɓata yadin mutane. Man keke fari ne garau kamar ruwa, ɗigo ɗaya a kowane rami ya isa, sai ki ɗinka tsumma kafin ki sa aikin kirki.

In kin riga kin sa, ki ɗiga kananzir a ramukan, ki cire zare da allura ki taka keken na ɗan lokaci, ki goge abin da ya zubo, ki bar shi ya kwana, sannan ki sa man gaske. Na san wannan ne don ina yaro a shagon maigidana na taɓa yi wa kekensa gata da man ƙuli. Bai ce mini komai ba. Ya miƙo mini kwalbar kananzir da tsumma, ranar ko abincin rana a gindin keken na ci.