Kafin ka goge aisi, ka karanta shi sau biyu

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni me ya sa na ɓata kusan rabin awa ina karanta aisin BIOS, wato ɗan guntun da ke riƙe da manhajar tayar da kwamfuta, na laftof ɗin malamin makarantar nan, alhali fayil ɗin da za mu zuba yana hannu tun safe. Ka ce da mun goge mun rubuta, da ya kama motar Gaya tun kafin magariba. Tambayarka tana kan hanya, ɗana. Jawo benci yanzu da babu kowa.

Wannan ɗan abin da muke cusawa a USB don karanta aisi da rubuta masa, CH341A, ba shi da tsada, ko a Farm Centre ka shiga za ka same shi. Amma bai san komai ba. Ka ce ya goge, zai goge tas, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. A cikin wannan aisi mai ƙafa takwas ba BIOS kaɗai ke zaune ba. A laftof da yawa nan lambar siriyal take, nan makullin Windows yake, a wasu har da adireshin katin intanet. Fayil ɗin da ka sauko da shi daga intanet, daga cikin na'urar wani aka ciro shi. Wani lokaci ka zuba shi laftof ta tashi lafiya, wani lokaci ta tashi fanka na ihu, ko ta riƙa mutuwa da kanta bayan minti 30 saboda sashen fayil ɗin da ake kira Intel ME bai dace da ita ba. Idan ka adana na asali, kana da wurin komawa.

To me ya sa sau biyu? Saboda kilif, ɗan maƙalin nan da ke kama ƙafafun aisi. Ƙafafun nan ƙanana ne, ga ƙurar hunturu ta kwanta a kansu. Ƙafa ɗaya ta ƙi kamawa sosai, manhajar za ta nuna maka ta gama, alhali shirme ta kwaso. Shi ya sa nake goge ƙafafun da buroshi da sifirit, in karanta, in adana, in cire kilif in sake maƙalawa, in sake karantawa, sannan in gwada fayil biyun. Idan ba su zo daidai ba ko da a wuri ɗaya, ban karanta ba ke nan. Ka kuma buɗe fayil ɗin da idonka: in FF ne daga sama har ƙasa, ko 00, kada ka yarda da shi.

Na san zafin abin. Farkon fara aikin nan na yi wa wani ɗan kasuwa daga Wudil haka: karatu ɗaya, na goge, na zuba na intanet, laftof ta ƙi tashi. Na koma kan wanda na adana, ashe rabinsa fanko ne. Sati uku ina neman fayil, kullum Juma'a in ya tashi daga kasuwa sai ya biyo, ba ya faɗa, sai dai ya ce Allah ya sa a dace. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai maganar wuta, wadda ta fi kashe aisi a hannun yara. Karanta rubutun da ke bayan aisin kafin ka taɓa komai. W25Q64 mai harafin FV ko JV bolt 3.3 yake ci. Mai FW kuwa, da su MX25U, bolt 1.8 ne, dole sai ka sa adafta a tsakani. Shi kansa CH341A ɗin, baƙin nan mai ruwan zinare a gefe, da yawansu suna ba aisi 3.3 a ƙafar wuta amma layukan bayanai suna fitar da kusan bolt 5. Nawa na gyara shi: na ɗaga ƙafa ta 28 ta aisin da ke kansa, na haɗa ta da 3.3 na regileta, na haɗa da ƙafa ta 9. Duk wanda ka sayo sabo, ɗora mita ka auna tukuna.

Ragowar ka gani da idonka. Jar wayar kilif a kan ƙafa ta ɗaya, inda ɗigon yake. A jikin CH341A, gurbin 25 na aisin BIOS da risiba ne, gurbin 24 na ƙananan EEPROM irin na talabijin. Cire caja, cire batir, har da ɗan batirin agogo na kan bod. Idan manhajar NeoProgrammer ta ƙi gane aisin a kan bod, kada ka yi ta matsa kilif har ka karya ƙafa. Wutar USB ɗin ce take rarrabuwa cikin bod ɗin. Ɗauko bulowa mai hura iska mai zafi ka cire shi, ka karanta a waje.

Girman fayil ma ka lura. Lambar 64 ɗin nan ta W25Q64 megabit ce, wato megabait 8. Mai 32 megabait 4, mai 128 megabait 16. Fayil bai cika girman aisi ba, ajiye shi. Na shafin kamfani sau da yawa na sabuntawa ne, ba cikakke ba. Bayan ka rubuta kuma sai ka sa manhaja ta tantance abin da ya shiga.

Ga risibar mai shayin bakin tasha can a kan kanta, ta tsaya a tambari tun shekaranjiya. Aisinta mai 32 ne. Ɗauko ta ka karanta, ka sa wa fayil ɗin sunan risibar da kwanan wata, kwafi ɗaya a kwamfuta ɗaya a filas. Idan karatu biyun sun zo daidai ka kira ni, kai za ka danna gogewar yau.