Iska mai sanyi tana shigowa cikin a-kori-kurata, ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mota a-kori-kura wadda ta kwana biyu, kuma tun da hunturu ya kama nake fama da iska mai sanyi a wurin zaman direba. Idan motar tana tsaye hita tana ɗumama ciki sosai, amma da zarar na hau babbar hanya sai in ji sanyi yana dukan ƙafafuna da gwiwar da ke kusa da ƙofa, ga kuma wani fito da ke tashi daga saman ƙofar. Wani ya ce in canza robobin ƙofa gaba ɗaya, wani kuma ya ce in toshe duk ramin da na gani da kumfar nan da ake fesawa. Wace shawara zan bi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna, domin dukansu magani ne da aka rubuta kafin a gano cutar. Aikin farko shi ne gano kafar da iskar ke bi, kuma sau da yawa ba a wurin da mutum ke jin sanyin take ba.

Kafin ka zargi wata kafa, ka tabbatar hitar ba ta gaza ba. Hitar mota tana samun zafinta ne daga ruwan da ke zagaya inji, wanda a yawancin motoci yake kaiwa kusan digiri 90 a ma'aunin Salshiyos idan injin ya ɗauki zafi. Ka lura da allurar zafin inji lokacin da kake gudu. Idan tana sauka ƙasa a kan babbar hanya, ta sake hawa idan ka tsaya, to mai yiwuwa tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, ya maƙale a buɗe, ruwan yana yin sanyi fiye da kima. Haka kuma idan ruwan lagireto ya ragu, hita ce ke fara nuna alama. Ka taɓa tiyo biyu da ke shiga bangon da ke tsakanin inji da wurin zama, ya kamata dukansu su yi zafi. Kada dai ka buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, domin ruwan yana iya fesowa ya ƙona ka.

Idan wannan ɓangaren lafiya lau ne, to bayaninka ya dace da yadda iska ke yi wa mota a guje. Iskar da motar ke ketawa tana taruwa da ƙarfi a gabanta da kuma gindin gilashin gaba, tana neman duk wata kafa ta kutsa ciki. A gefen tagogi kuwa akasin haka ne, iskar da ke wucewa da sauri tana zuƙo ta ciki zuwa waje. Saboda haka fiton da kake ji a saman ƙofa yana iya zama na iskar ɗumi ce da ke ficewa, sanyin da ke dukan ƙafafunka kuma shi ne wanda ke shigowa daga gaba domin ya maye gurbinta. Wanda ya canza robar ƙofa kawai zai iya kashe fiton, amma ya bar ramin da ke ƙarƙashin sitiyari yadda yake.

Ga yadda ake bincike. Ka sami wani ya tuƙa motar, kai kuma ka jiƙa bayan hannunka ka riƙa bi da shi a hankali ta gefen ƙofofi, ƙarƙashin dashbod, gindin giya da bayan kujera, domin jiƙaƙƙiyar fata tana jin iskar da busasshiya ba za ta ji ba. Da dare kuma, ka ɗaga bonet ka sa wani ya haska tocila a bangon inji, kai kana kwance a ƙarƙashin sitiyari kana duba inda haske zai ɓullo. Akwai hanya ta uku: ka rufe ƙofofi da tagogi, ka kunna fanka a matakin ƙarshe tana jawo iskar waje, sannan ka shafa ruwan sabulu a bakin ƙofofi da gilasai ta waje. Inda kumfa ta tashi, nan iska ke fita.

A ganina, bangon injin nan ne ya fi cancantar zargi a matsalarka. Ta cikinsa ne sandar sitiyari, wayoyin lantarki, tiyon hita da wayar buɗe bonet suke ratsawa, kuma kowane rami yana da robar da ke toshe shi. Robobin nan suna bushewa su tsage, wasu su faɗi, wasu kuma mai sa rediyo ko ƙarin fitila ne ke huda su ya zura waya ya tafi abinsa. Ramin da bai wuce faɗin yatsa ba ya isa ya sanyaya ƙafafun direba a kan doguwar hanya. Ka mayar da robar da ta dace da ramin, idan kuma waya ce ta ratsa, ka cike gefenta da gam mai laushi na bodin mota wanda ba ya ƙanƙarewa. Daga nan ka ɗaga kafet ka duba robar da ke gindin giya, da ta sandar sa taya huɗu idan motarka tana da ita, da ƙananan marufan roba da ke ƙasan bodi, da kuma duk inda tsatsa ta ci ƙarfe. Haɗarin ramin ƙasa ya wuce na sanyi kawai, domin salansa a nan take bi, kuma idan tana yoyo hayaƙinta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari amma tana kisa. Idan kana samun ciwon kai ko jiri ko gyangyaɗi a tuƙi, ka sauke gilashi nan take, ka kai motar a duba salansar kafin komai.

Sai ƙofa. Ka sa guntuwar takarda a bakin robar ka rufe ƙofar a kanta, sannan ka ja. Idan ta riƙe, robar tana aiki a wurin, idan kuma ta zare ba tare da wata turjiya ba, akwai kafa. Ka maimaita haka a zagayen ƙofar duka. Amma kafin ka sayi sabuwar roba, ka buɗe ƙofar kaɗan ka kama ƙarshenta ka ɗaga sama. Ƙofar a-kori-kura tana da nauyi, kuma idan ka ji tana motsi to ƙusoshin da take rataye a kansu sun cinye, ƙofar ta sauka, kuma babu sabuwar robar da za ta cike wannan giɓin sai an gyara su, an kuma daidaita ƙarfen da makullin ƙofa ke kamawa. Sanyin gwiwarka kuma yana iya fitowa daga cikin ƙofar kanta. A bayan murfinta na ciki akwai wata leda da kamfani ya manna domin tare iska da danshi, wadda masu gyaran gilashi ko lasifika kan yage su ƙi mayarwa. Ka manna ta yadda take, amma ka bar ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofar a buɗe, domin ta nan ruwan sama ke tsiyayewa.

A bayan kujera akwai wuraren da suka keɓanta da irin motarka. Tagar baya mai zamewa tana yawan yoyon iska idan robar tsakiyarta ta gaji, haka ma robar fitilar birki da ke saman kan motar. Sannan a yawancin waɗannan motoci akwai wasu ƙananan tagogi masu leɓen roba a bangon baya, waɗanda aka yi su da gangan domin iska ta fita idan an rufe ƙofa ko an kunna fanka. Idan leɓen ya cire ko ya maƙale a buɗe, sanyi zai shigo ta nan, sai a canza su. Toshe su kuskure ne, domin ƙofa za ta yi wuyar rufuwa, iskar ciki ta daina sabuntuwa, gilasai kuma su yi ta yin raɓa.

Wannan ne ya sa ban yarda da shawarar kumfar fesawa ba. Tana kumbura ta shiga inda ba a aike ta ba, tana toshe hanyoyin ruwa, danshi ya taru tsatsa ta biyo baya, kuma tana wahalar da duk makaniken da zai taɓa wayoyin nan gaba. Robar ƙofa kuwa, idan gwajin takarda ya nuna ta mutu, ka sayi wadda aka yi wa samfurin motarka, ka goge wurin tas, kuma idan mai buƙatar gam ce ka yi aikin a wuri mai ɗumi, domin gam ba ya kamawa sosai a kan ƙarfe mai sanyi.

Tambaya: Malam, ni idan na danna maɓallin da ke sa iska ta riƙa zagayawa a ciki sai sanyin ya ragu, amma gilashi ya rufe da raɓa. In ci gaba da haka? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, abin da kika lura da shi ya nuna inda matsalar take. Idan rufe hanyar iskar waje yana rage sanyin, to iskar tana bin akwatin hita ne da ke cikin dashbod. A cikinsa akwai wani faifai da ke karkatar da iska ta bi ta wurin zafi ko ta kauce masa, kuma idan soson da ke bakinsa ya ruɓe, ko ƙaramar na'urar da ke juya shi ta lalace, iskar waje za ta wuce ba tare da ta ɗumama ba. Ƙarar ƙas-ƙas daga cikin dashbod lokacin da kike murɗa maɓallin zafi alama ce ta lalacewar na'urar. Ki kuma sa a duba murfin filtar iska, wanda a motoci da yawa yake bayan akwatin da ke gaban fasinja, ko an mayar da shi daidai. Raɓar kuwa danshin numfashinki ne da ya rasa hanyar fita, don haka kada ki yi doguwar tafiya a haka. Ki buɗe iskar waje, ki kunna na'urar sanyaya iska tare da hita, domin tana busar da iskar kafin ta isa gilashi.

Tambaya: Da asuba ƙofata tana mannewa saboda ƙanƙara, har na yage robar wajen fizga. Me zan shafa mata?

Amsa: Ruwan da ya kwana a kan roba yana daskarewa idan sanyi ya kai digiri 0, shi ne ke manne ta da ƙarfe. Ka tsane robar da tsumma, musamman bayan wanke mota, sannan ka shafa mata man silikon. Ka guji giris da baƙin mai da basilin, domin yawancin robobin ƙofa ana yin su ne da wani nau'in roba da ake kira EPDM, wanda man da aka samo daga fetur ke kumbura shi ya lalata shi. Idan ƙofar ta riga ta manne, ka danna ta ciki da tafin hannu a zagaye har ƙanƙarar ta tsage, sannan ka ja a hankali. Robar da ta riga ta yage kuwa, idan tsagar ƙarama ce gam na roba zai riƙe ta zuwa wani lokaci, idan kuma wani yanki ya ɓalle sai dai a canza ta.