Wace Manhaja Ce Ta Fi Sauƙin Gina Shafin Intanet a Linux?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malami ne a wata makarantar Islamiyya a Zariya, kuma hukumar makarantar ta ɗora mini nauyin gina mata ɗan shafi a intanet wanda zai ƙunshi tarihinta da jadawalin karatu da sanarwa ga iyaye. Kwamfutata ta kwana biyu, shi ya sa na sa mata Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. A da na ɗan taɓa FrontPage a Windows, inda mutum yake rubutu kamar a takarda yana ganin yadda shafin zai fito. Wani aboki ya ce in nemi KompoZer, amma na duba rumbun manhajoji ban same ta ba. Wacce za ka ba ni shawara in ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima.

Abokinka bai yi kuskure ba, sai dai shawararsa ta zamanin baya ce. KompoZer ta samo asali ne daga wata manhaja mai suna Nvu, wadda Daniel Glazman ya rubuta aka fitar da ita a 2005, kuma fitowar KompoZer ta ƙarshe ta kasance a 2010, wato tun kafin wayar hannu ta zama hanyar da yawancin mutanenmu suke bi su shiga intanet. Da aka daina kula da ita sai aka cire ta daga rumbun Ubuntu (wani nau'in Linux), wanda Linux Mint take ɗiba daga cikinsa, dalilin da ya sa ba ka gan ta ba ke nan. Glazman ya sake gina wata, BlueGriffon, wadda ta fi ta sanin tsarin zamani, amma ita ma ta tsaya a fitowarta ta 2019. Ba zan so ka ɗora aikin makaranta a kan manhajar da babu mai gyara ta idan ta sami matsala ba.

Daga cikin wannan zuriya, wadda ta rage da rai ita ce Composer, manhajar tsara shafi da ke cikin burauzar SeaMonkey. Idan ka sauko da SeaMonkey daga shafin masu ita, ka danna Ctrl da 4, fili zai buɗe maka ka yi rubutu ka sa hoto kamar yadda ka saba a FrontPage. Tana da amfani wajen koyo, amma shafin da take fitarwa na tsohon yayi ne, wanda a waya yakan fito da ƙananan rubutu har sai mutum ya riƙa buɗa shi da yatsu biyu. Iyayen ɗalibanka kuwa, ina kyautata zato, da waya za su duba.

Saboda haka abin da na fi natsuwa da shi a buƙata irin taka shi ne Publii. Manhaja ce ta kyauta mai buɗaɗɗen tushe, wato kowa na iya duba yadda aka rubuta ta ya gyara, tana da kunshin da ake sakawa a Linux Mint, kuma dukan aikin a cikin kwamfutarka kake yin sa ba tare da intanet ba, sai ka gama sannan ka kunna data ka tura shafin inda za a ajiye shi, ko GitHub Pages ko wani masauki da makaranta ta biya. Za ka zaɓi fasalin shafi daga waɗanda aka riga aka tsara, masu daidaita kansu da faɗin fuskar waya, sannan ka rubuta sanarwarka kamar mai rubuta wasiƙa. Aibinta guda shi ne ta fi sauran nauyi, don haka idan kwamfutar ta tsufa sosai, ka rufe burauza da sauran manhajoji lokacin da kake aiki da ita.

Idan kuma ta gagara, ka ɗauki Bluefish, wadda tana nan a rumbun da ka duba, kuma ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta. Ita ba ta nuna shafi yadda zai fito, alamomin HTML (harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi) kake gani, amma tana da maɓallan da suke rubuta maka su, kuma alamomin da shafi irin naka yake buƙata ba su da yawa: na kanun magana, na sakin layi, na hoto, na mahaɗi da na jadawali.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman masu rubutu da Hausa. Ko wacce ka zaɓa, ka tabbata an ajiye shafin da tsarin UTF-8, domin in ba haka ba haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, za su rikiɗe su koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana. Publii tana yin wannan da kanta, amma a Composer da Bluefish sai ka duba da idonka. Kafin ka sanar da iyaye adireshin, ka rubuta "ɗalibai" da "ƙarfe takwas" a shafin, ka buɗe shi a wayoyi biyu ko uku na abokan aikinka, har da mafi araha a cikinsu, ka ga yadda suka fito.